Daga Dogari Zuwa Ɗan Sintiri: Waiwaye Kan Masu Tsaron Unguwanninmu

 



Duk wanda ya halarci babban taronmu na bara zai tuna gardamar da ta tashi bayan shugaban makaranta ya karanta jawabinsa. Ya koka cewa 'yan shaye-shaye sun mai da bayan ɗakunan kwanan ɗalibai matattararsu, an yanke wayoyin lantarki na ɗakin gwaje-gwaje, sa'an nan ana tare ɗaliban jeka-ka-dawo a hanya ana ƙwace musu 'yan kuɗin mota. Aka kawo shawarar ƙungiya ta ɗauki nauyin 'yan sintiri. Nan take wani yayanmu ya miƙe ya ce shi dai a dawo masa da 'yan doka, zaure ya ɗauki tafi. Kafin tafin ya lafa wani ɗan ajinmu, wanda mahaifinsa ya sha ɗauri a zamanin siyasar farko, ya ce Allah ya kiyaye. Kiran sallar azahar ne ya raba su.

Da na duba zauren sai na lura mafi yawan masu tafin ƙannenmu ne da ba su taɓa ganin ɗan doka ba. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta ɗan abin da na karanta da wanda na gani da idona, domin a ganina mutanen nan biyu kowa yana riƙe da rabin gaskiya ne.

Kafin zuwan Turawa

Tsaro a birnin Hausa na da can hawa-hawa ne. Hawa na farko ganuwa. A Kano tarihi ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, tsakanin ƙarshen ƙarni na 11 da farkon na 12, sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗa ta, cikinsu har da Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Kowace ƙofa da sarkinta. Da dare ya yi sai a rufe, fataken da suka makara su sauke kaya a waje su jira asuba.

Hawa na biyu shi ne mai unguwa, kuma a gaskiya shi ne ƙashin bayan tsarin duka. Baƙo ba ya kwana a unguwa ba da saninsa ba, kuma mai masauki shi ke da alhakin baƙonsa. In an tsinci akuya ko jaki ko yaron da ya ɓata, gidan mai unguwa ake kaiwa a yi cigiya. Rigimar maƙwabta kan iyakar gida ko kan kwata a zaurensa ake kashe ta. Abin da ya fi ƙarfinsa ne kaɗai yake wucewa gaba, zuwa ga dagaci ko hakimi ko alƙali. A ƙauye kuwa in an yi sata, kururuwa ake yi, maza su fito, mafarauta da 'yan tauri su shige gaba a bi sawu.

Hawa na uku dogarai, masu manyan riguna ja da kore da danƙareren rawani. Galibinsu bayin sarki ne ko 'ya'yan bayi, a ƙarƙashin Sarkin Dogarai. Su ke tsaron sarki, su kai saƙonsa, su kamo mai laifi su gurfanar da shi gaban alƙali, in an yanke hukunci su miƙa shi ga Yari. Dogari ba shi da albashi. Abin da ubangidansa ya ba shi da abin da ya samo a wurin aike, da su yake riƙe gidansa, kuma ta nan ne ƙofar zalunci take buɗewa. Biyayyarsa kacokan ga sarki take. Wannan biyayya ba ta mutu ba, domin lokacin da aka kai wa marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari a watan Janairun 2013, akwai dogaransa da suka rasa rayukansu wajen kare shi. Allah ya jiƙansu.

'Yan gadi da 'yan doka

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Da yake Gwamna Lugga ba shi da isassun mutane ko kuɗin da zai mulki wannan makekiyar ƙasa kai tsaye, sai ya bar sarakuna a kan gadonsu, ya bar musu alƙalansu da gidajen yarinsu da dogaransu. Ta haka aka sami masu tsaro iri biyu a ƙasa guda. Akwai 'yan sandan gwamnati, waɗanda suka fi kula da barikin Turawa da hanyar jirgin ƙasa da garuruwan baƙi, kuma a 1930 aka haɗe na Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya mai hedikwata a Legas. Akwai kuma na En'e, masu kula da cikin birni da ƙauyuka, wato inda jama'a take.

Da aka kafa baitulmali a masarautu sai aka sa dogarai a albashi. A wajen 1925 aka kafa 'yan gadi a birnin Kano, mutane masu kayan sarki, masu fareti, da yawansu tsofaffin sojoji. Wannan tsari ne ya bazu zuwa sauran masarautu har ya zama abin da muka sani da suna 'yan doka, dogarai kuma suka koma ga hidimar fada. Da farko mutane suna ƙyamar aikin, suna ganin na bayi ne. Don a ɗaga darajarsa sai aka shiga ɗora 'ya'yan sarakuna a kan shugabancinsa da sarautar Wakilin Doka. A Katsina, Usman Nagogo ɗan Sarki Dikko ya riƙe ta daga 1929, ya zama sarki a 1944. A Kano, Ado Bayero ya riƙe ta daga 1957 zuwa 1962, ya tafi jakadanci Senegal, ya dawo ya hau gadon sarauta a 1963. Kujerar da ta fitar da manyan sarakuna biyu irin waɗannan, ai kowa ya san ba ƙaramar kujera ba ce.

Ɗan dokan da na sani a garinmu, gajeren wando gare shi da ɗamara, makaminsa kulki da usur. Da dare suna sintiri biyu-biyu, kuma in dare ya raba suka gamu da kai ba fitila a hannunka, sai ka yi bayani. Suna duba lambar keke, suna tarwatsa 'yan caca, suna raka kuɗin haraji da jangali, suna mara wa duba-gari baya. Haka nan su ke kamo yaran da suka gudu daga makaranta. Na san a cikin masu karanta wannan mujalla akwai farfesoshi da manyan sakatarori waɗanda ba don ɗan doka ya zaƙulo su daga cikin rumbu ba, da ba su ga ƙofar elementare ba, balle su zo mu haɗu a makarantarmu. Ba zan kama suna ba, sun san kansu.

Abin da na gani da idona

Ina aji uku a firamare aka sace keken mahaifina ranar kasuwa. A lokacin keke dukiya ce, sai da ya sayar da gyaɗar shekara biyu ya saye shi. Muka je caji ofis muka sami wani kofur, mutumin unguwar da ke bayan tamu. Bai buɗe littafi ba. Ya ɗauki kulkinsa ya nufi gidan mai unguwa ya tambayi baƙin da suka kwana a gari. Daga nan ya biya wurin mai gyaran keke ya ja masa kunne. Sa'an nan ya zauna ya lissafa samarin da aka cinye a caca cikin makon. Kwana biyu tsakani sai ga shi yana turo keken daga wani ƙauye, an cire masa ƙararrawa kawai. Ranar nan babu addu'ar da mahaifiyata ba ta yi masa ba.

Asirin aikinsa a fili yake. Ya san kowa, ya san uban kowa, ya san sana'ar kowa, kuma ya san wanda ba shi da sana'a amma kullum yana cin tsire. Mu ma mun san shi, mun san gidansu. In ya karɓi toshiya, kafin la'asar labari ya kai zauren mahaifinsa. Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari. Wannan shi ne rabin gaskiyar da yayanmu ya riƙe, kuma ban musa masa ba.

Ga ɗaya rabin. Bayan shekara guda, shi wannan kofur ɗin ne ya shigo gidan kakata da asuba ya tafi da kawuna, wani tela da laifinsa bai wuce ya je sauraron laccar jam'iyyar adawa ba. Bai yi lalube ba, domin ya san ƙofar da zai bi, ya san ɗakin da kawu yake kwana. Kafin azahar an kai shi gaban alƙali, an ce ya yi zagi, an ba shi wata uku. Da ya fito ya tarar an sayar da keken ɗinkinsa don a ci abinci. Sanin da ya dawo mana da keke, shi ne ya raba kawuna da nasa.

Siyasa da 'yan doka

Abin da ya sami kawuna ya sami dubban mutane. Tun daga kafa NEPU a Kano a watan Agustan 1950, 'yan doka suka tsinci kansu a tsakiyar siyasa. En'e ce ke ba da izinin yin lacca, kuma manyan En'e galibi 'yan NPC ne. Ɗan dokan En'e ne zai kama ka, alƙalin En'e ya yi maka shari'a, ka kwana a gidan yarin En'e. In an zalunce ka, duk inda ka juya za ka kai kuka, hannu ɗaya za ka tarar. Magoya bayan Malam Aminu Kano sun sha bulala da ɗauri, marigayiya Hajiya Gambo Sawaba kaɗai an ɗaure ta fiye da sau goma. A wannan zamani ne kuma jam'iyyu suka fara tara majiya ƙarfi, aka ji sunaye irin su 'yan Mahaukata a Kano da 'yan banga, waɗanda in suna gefen masu mulki sai a kau da kai daga ta'asarsu.

Adalci shi ne a faɗa cewa wannan cuta ba ta Arewa kaɗai ba ce. A Jihar Yamma ma an yi amfani da 'yan sandan ƙananan hukumomi wajen murƙushe 'yan adawa, musamman a zaɓukan 1964 da 1965. Haka kuma da yawa daga cikin 'yan doka mutanen kirki ne da aka ba umurni, in sun ƙi su rasa abincinsu. Aibin yana ga tsarin da ya bar mai kama mutane ba shi da wanda zai amsa wa tambaya sai wanda ya aike shi.

Yadda aka rushe su

Da soja suka karɓi mulki a watan Janairun 1966, gwamnatin Janar Ironsi ta kafa kwamiti ƙarƙashin Alhaji Yusuf Gobir don ya duba batun 'yan sanda da gidajen yari. Kwamitin ya ba da shawarar a haɗe su duka a hannun gwamnatin tarayya, gwamnatin Janar Gowon kuma ta zartar. A ƙarshen shekarun 1960 aka shiga tace 'yan doka, waɗanda suka cancanta aka sake musu horo suka zama 'yan sanda, sauran aka sallame su. A daidai wannan lokaci aka karɓe kotunan alƙalai da gidajen yari daga hannun sarakuna. An ƙirƙiro jihohi 12 ranar 27 ga Mayu, 1967, kuma gwamnan Kano na farko, marigayi Audu Bako, shi kansa ɗan sandan tarayya ne. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba sarakuna da ikon zartarwa. Tsarin mulkin 1979 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya tak ga ƙasa baki ɗaya, na 1999 ya maimaita haka a sashe na 214.

Muna makaranta aka yi wannan sauyi, kuma na tuna talakawa da yawa sun yi murna. Suna da hujja. Sai dai garin zubar da ruwan dauɗa an haɗa da ƙwaryar. Sabon ɗan sanda daga nesa ake turo shi, wani ko Hausa ba ya ji, kafin ya gane lungunan gari an yi masa canji. Mai unguwa yana nan da saninsa, amma babu dokar da ta tilasta wa kowa ya saurare shi. Ga shi kuma birane sun tumbatsa. Kano da ƙidayar 1963 ta ba kusan mutum 300,000, a ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi 8 na birni da kewaye sun haura miliyan 2 da rabi. Unguwanni sun tsiro inda maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba.

Giɓin da aka bari

Babu abin da ya fito da wannan giɓi fili kamar rikicin Maitatsine. A farkon shekarun 1960 hukumar En'e ta Kano ta kori Muhammadu Marwa zuwa Kamaru. Daga baya ya dawo ya kafa sansani a 'Yan Awaki, yana tara almajirai, yana cinye gidajen maƙwabta. Mutanen unguwa sun san abin da ake ciki shekara da shekaru, sun kuma yi ta kuka, amma masu sani ba su da iko, masu iko kuma ba su ɗauki abin da nauyinsa ba. Ranar 18 ga Disamba, 1980 aka gwabza da 'yan sanda a filin Shahuci, wutar ta ci har kusan ƙarshen wata, sai da aka kawo soja. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 4,177 suka mutu.

Haka batun 'yan daba yake. Asalin daba wurin zaman 'yan farauta ne, da shugabanninsu da ƙa'idojinsu, kuma a da manyan unguwa suna iya tsawata musu. 'Yan siyasa ne suka gano amfaninsu, a jamhuriya ta farko da ta biyu (1979 zuwa 1983), suka saya musu makami da ƙwaya, zaɓe ya wuce suka watsar da su. A shekarun 1980 muka ga 'yan ɗaukar amarya. Daga sholisho aka koma ruwan maganin tari mai kodin, har gwamnati ta hana shi a 2018. Sai kuma faɗan unguwa da unguwa da ƙwacen waya, inda ake kashe rai a kan abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba.

Da jama'a suka ga ba sarki sai Allah, sai suka koma neman ɗan gari. Unguwanni suka shiga karo-karo suna biyan 'yan sintiri. Kano ta kafa hukumar Hisba a 2003. A 2013 samarin Maiduguri suka ɗauki gora suka taimaka wa soja wajen zaƙulo 'yan Boko Haram, kuma sun yi nasara ne saboda sun san su gida-gida. A Zamfara kuwa 'yan sa-kai sun tashi da niyyar kare ƙauyukansu, amma kisan da wasunsu suka riƙa yi ba shari'a ya ƙara rura wutar gaba tsakanin manoma da makiyaya. Jihar Katsina ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, Zamfara ta bi baya da Askarawa a Janairun 2024. Dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwa da jama'a. Ashe dai ɗan doka muke ta nema da wasu sunaye, kuma duk inda ya ɓullo, da fuskokinsa biyun nan yake zuwa.

Shawarata ga ƙungiya

Ina goyon bayan a ɗauki 'yan sintiri, amma bisa sharuɗɗan da wannan tarihi ya koya mana. Su kasance 'yan unguwannin da ke kewaye da makaranta, waɗanda mai unguwa da liman suka tsaya musu. A kai sunayensu ofishin 'yan sanda na yankin, kuma a rubuta musu ƙarara cewa duk wanda suka kama su miƙa shi, ba duka, ba ɗauri, ba tara. Albashinsu ya fito daga asusun ƙungiya a kan kari kowane wata, domin mai gadin da ba a biya ba, ranar da yunwa ta kama shi sai ya biya kansa. Kada mu yarda wani ɗan takara ya ɗauki nauyinsu shi kaɗai, ko da ɗan ƙungiyarmu ne, ko da ɗan ajinmu ne. Mafi muhimmanci, a kafa ɗan ƙaramin kwamiti mai ɗauke da shugaban makaranta da wakilin iyaye da mai unguwa da wakilinmu, inda ɗalibi ko maƙwabci zai kai ƙarar ɗan sintiri a saurare shi, kuma kwamitin ya sami ikon sallama. Wannan kwamiti shi ne abin da kawuna ya rasa.

Bugu da ƙari, a gyara katangar da ta zube, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sa'an nan mu tuna cewa yaran da ke zama bayan ɗakunan kwanan nan 'ya'yan maƙwabtan makaranta ne, wasunsu ma sun taɓa zama a azuzuwan da muka zauna. In aka kore su daga nan, bayan wata makarantar za su koma. Ina roƙon a ware wani abu daga cikin kuɗin don sa waɗanda suka yarda a koyon sana'a, a cikinmu akwai masu gareji da masu shaguna da za su iya karɓar yaro ɗaya ko biyu.

Daga ƙarshe, ina roƙon yayanmu da ɗan ajinmu su zauna a benci ɗaya a taro mai zuwa, kuma in kwamitin ya tabbata a sa su duka biyun a ciki. Inda na yi kuskure a wannan rubutu, malamanmu na tarihi suna nan, jan birona bai fi nasu ba, sai su gyara mini kamar yadda suka saba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana zuriya, ya ɗaukaka makarantarmu.